Amsa: Me ya haɗa annoba da ginin Sabon Zango na Kumasi?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne annoba ce ta sa aka gina Sabon Zango. Gaskiya ne. A 1924 annobar ɓera ta ɓarke a Kumasi, kamar yadda ta yi a Akara a 1908. Turawan mulki suka rushe gidaje a tsohon Zango, daga baya aka gina sabuwar unguwa mai layuka. A 1925 aka kafa hukumar kiwon lafiyar jama'a ta Kumasi. Ni dai a ganina, talakan zango ne ya fi kowa ɗanɗana kuɗarsa.

Ƙuma ce ke ɗauko cutar daga jinin ɓera. Idan ɓeran ya mutu jikinsa ya yi sanyi, sai ta yi tsalle ta koma kan mutum. Cikin kwana ɗaya zuwa bakwai zazzaɓi ya rufe shi, kaluluwa ta kumbura a matsematsi ko hammata.

Shi ya sa ake fara fesa maganin ƙuma kafin a sa wa ɓera guba. Wanda ya fara da guba ya saki ƙuma mai yunwa a ɗakin kwanansa. Yau ana warkewa da maganin asibiti, muddin an je da wuri.