Tambayoyinku: Wai da gaske Faransa ta taɓa yanka wa karuwai kati?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki warware min wani abu. Malaminmu na tarihi yace wai a ƙarni na 19 gwamnatin Faransa da kanta take yi wa karuwai rajista har ta basu kati, ni kuma abin ya ɗaure min kai, shin su a lokacin basa ganin abin kunya bane ko me? Daga ƙanwarki, ɗalibar jami'a.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Malaminku bai yi ƙarya ba, amma kar ki ɗauka katin nan na girmamawa ne. Suna ƙyamar karuwanci sosai, sai dai sun ce abu ne da ba a iya kawar da shi, toh gara a killace shi a ɗora masa ido. Akwai wani likita Parent-Duchâtelet wanda asalin aikinsa binciken magudanan ƙazantar birnin Paris ne, daga baya ya juya kan karuwai, littafinsa ya fito a 1836 shekarar da ya mutu, a ciki yake nuna cewa duk inda mutane suka taru da yawa karuwai dole ne kamar yadda lambatu da juji suke dole. Kin ji matsayin da suka ajiye su kenan, ana buƙata amma ba a son a gani.

Yadda abin yake tafiya kuwa, tun zamanin Napoleon, wanda ya mulki Faransa a farkon ƙarnin, 'yan sandan Paris ke riƙe da rajistar, suna da sashe na musamman na kula da ɗa'a. Mace in an rubuta sunanta sai a bata kati, likita ya riƙa duba al'aurarta a kai a kai ko tana so ko bata so, saboda tsoron tunjere da ya addabi mutane a lokacin kuma babu maganinsa na kirki, a hanata tsayawa a taga, a hanata zuwa kusa da coci ko makaranta, a ƙayyade mata lokacin fita, in aka sameta da ciwo ko ta karya ɗaya daga cikin dokokin nan sai a wuce da ita Saint-Lazare, wanda kurkuku ne kuma asibiti ne a haɗe, ba alƙali ba lauya, jami'in 'yan sanda ne kawai zai yanke mata kwanaki. Abin mamakin ma kundin hukunta laifuka na 1810 bai sa karuwancin kansa cikin laifi ba. Gidajen magajiya kuma an yarje musu da sharaɗin tagogi su zauna a rufe, shi yasa har yau suke kiransu rufaffun gidaje.

Su mazan da ke zuwa fa? Ko mutum ɗaya ba a rubuta sunansa, ba likitan da ke duba shi. Ya kwaso ciwon ya kai wa matarsa gida, washegari a kama yarinyar. Wallahi nan ne abin yake ci min rai duk sanda na karanta.

Yawancin matan nan talauci ne ya jefa su, masu ɗinki, masu wanki da guga, 'yan aikin gida da suka baro ƙauye, albashin mace bai kama ƙafar na namiji ba, ɗinkin ma akwai watannin da yake tsayawa cak. Kuma shiga rajistar da sauƙi, fitar ce aiki.

A can sama kuma labarin daban ne. Akwai manyan dadiron attajirai da 'yan sarauta masu yawo a keken doki, jaridu na yayata tufafinsu. Marie Duplessis ta mutu da tarin fuka a 1847 tana da shekara 23, da aka zo gwanjon kayanta don biyan bashi jama'a suka cika gidan, har da matan manya waɗanda da tana raye ba za su amsa gaisuwarta ba, kowa na so ya leƙa ɗakinta ya taɓa kayanta. La Païva kuwa katafaren gida ta gina a titin Champs-Élysées, yana nan har yanzu. Amma da mai zane Manet ya baje hotonsa Olympia a 1865, mace tsirara tana kallon mai kallonta ido cikin ido ko gezau, sai gari ya ɗauka wai an ci mutuncin jama'a. Tsiraici dai ba baƙonsu bane a zane, abin da ya ƙona musu rai shi ne kowa ya gane sana'arta.

Wajen 1870 da wani abu ne aka fara ɗaga murya. Josephine Butler ta zo daga Ingila tana yaƙi da tsarin, ɗan jarida Yves Guyot ya caccaki 'yan sandan ɗa'a saboda kama mata barkatai a titi har da waɗanda basu ji ba basu gani ba, shi ma ya sha ɗauri a kan haka. Duk da hakan gidajen basu rufe ba sai a 1946, da dokar da ake kira da sunan Marthe Richard, 'yar majalisar birnin Paris da ta nemi a rufe su. Ki duba littafin likitan nan Parent-Duchâtelet in kin samu fassararsa, zai miki amfani a jarabawa.