Haɗa kundin hotuna a Jidda da waya kaɗai

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ɗalibi a Jidda zai haɗa kundin hotunansa alhali waya kaɗai gare shi. Wayar ta wadatar. Ka riƙa zuwa Balad, tsohon garin da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, bayan La'asar, lokacin da hasken rana yake sauka a kan tagogin katakon nan da ake kira rawashin, har inuwar sassaƙarsu ta kwanta a jikin bango. A ganina, hotuna 15 masu jigo guda sun fi ɗari da aka tsinto nan da can. Amma kada ka ɗauki kowa, musamman mata, sai da izini, domin dokar Saudiyya ta tsananta a kan hakan.