Ina Son Zama Hafsan Soja, Amma Inna Ta Ce Ba Da Yawunta Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne ɗan shekara 19 daga wani ƙauye a jihar Zamfara. Na gama sakandare, kuma burina tun ina yaro shi ne in shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna. Ba zan ɓoye wa Malam ba, dalilaina a cakuɗe suke. Ni ne babba a ɗakinmu, ina son albashin da zan riƙe ƙannena da shi. Ina son kaki, ina son wata rana a ce mini Janar. Sannan shekara biyu da suka wuce 'yan bindiga suka kashe mahaifinmu a gona, tun daga ranar babu abin da nake so irin in riƙe bindiga in rama. Inna ta ce ba da yawunta ba, ta rasa miji ba za ta rasa ɗa ba. Wani abokina ya ce aikin soja a gwamnatin da ba ta hukunci da shari'a kafirci ne. Akwai kuma wani mutum da ya ce idan an ba shi kuɗi zai sa sunana ya fito. Malam, ina mafita?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya karɓe shi a cikin shahidai, domin Annabi (SAW) ya ce wanda aka kashe a kan dukiyarsa shahidi ne. Na ji daɗi da ka faɗi gaskiyar abin da ke ranka, ɗana. Da yawa idan sun zo da irin wannan tambaya sai su ce "kishin ƙasa" su yi shiru, ni kuma in ba su amsar da ba ta taɓa ciwonsu ba.

Bari in fara sallamar abokinka, don maganarsa ce mafi sauƙin warwarewa ko da yake ita ce mafi haɗari. Aikin soja halal ne. Tsare rayukan mutane da dukiyarsu da mutuncinsu farilla ce a kan al'umma, irin wadda idan wasu suka tsaya mata an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Masu tare hanya su kashe, su sace mutane su nemi kuɗin fansa, su ne Alƙur'ani ya kira masu yaƙar Allah da Manzonsa a aya ta 33 cikin Suratul Ma'ida, kuma malaman Malikiyya sun lissafa yaƙi da su a cikin jihadi. To wa zai yaƙe su idan kowane mai sallah ya ce kaki haramun ne? Annabi Yusuf (AS) da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, alhali sarkin ba a kan addininsa yake ba. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, da wani ya taso yana neman ƙwace mulkin Najjashi, addu'ar nasara suka yi masa, har Zubairu ɗan Awwam ya yi iyo ya haye kogi don ya kawo musu labarin yadda yaƙin ya kaya. Maganar abokinka ba sabuwa ba ce a kunnenmu. Da irinta aka fara a Maiduguri kafin 2009, kowa kuma ya ga inda ta kai mu. Ka gaya masa ya je ya zauna gaban malami, kafirta Musulmi ba hirar dandali ba ce.

Yanzu sai niyya, a nan ne aikin yake.

Albashi bai ɓata komai ba. Sayyidina Umar ne ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mayaƙa ana ba su rabonsu daga baitulmali, kuma babu sahabin da ya ce ladansa ya tafi saboda ya karɓa. Allah ya halatta wa alhaji ya yi ciniki a lokacin aikin Hajji, aya ta 198 cikin Baƙara. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar, ya rarrabe abu biyu da mutane suke cakuɗawa: wanda ya yi aiki don Allah kuma yana fatan wani amfanin duniya da aikin ke kawowa, da wanda ya yi aiki don mutane su gani su yaba. Na farko bai yi laifi ba, na biyu shi ne mai riya. Kai kuwa marayu za ka ciyar da albashin, wannan ma wata ibada ce mai zaman kanta.

Son kaki da son a ce maka Janar, nan sai ka ɗan tsaya. Abu Musal Ash'ari ya ruwaito cewa an tambayi Annabi (SAW) game da mai yaƙi don ganima, da mai yaƙi don a ambace shi, da mai yaƙi don a ga matsayinsa, wane ne a tafarkin Allah? Ya ce wanda ya yi yaƙi don kalmar Allah ta zama maɗaukakiya. A hadisin Muslim kuma, cikin mutum uku da za a fara yi wa hisabi akwai wanda aka kashe a fagen fama, za a ce masa ƙarya kake, ka yi ne don a ce jarumi, an kuma faɗa. Ban ce kada ka so ci gaba ba. Hafsan da ba ya son ƙarin girma malalaci ne, kuma Usama ɗan Zaid bai wuce tsaranka ba lokacin da Annabi ya naɗa shi jagoran runduna mai ɗauke da manyan sahabbai. Abin da nake so ka tambayi kanka shi ne: da za a ce ka yi aikin shekara talatin a daji, ka ceci ƙauyuka, amma babu anini a kafaɗa, babu mai sara maka, za ka je? Idan zuciyarka ta yi nauyi, ka san inda za ka yi gyara. Hausawa suna cewa soja marmari daga nesa. Yaran da suke ganin fareti ranar yaye ɗalibai a Afaka, mazaunin NDA, ba su ga shekarun da aka kwashe kafin ranar ba. Kwas ɗin sojan ƙasa shekara biyar ne, huɗu ana haɗa karatun digiri da horo, ta biyar horon soja zalla, ga tashin tsakar dare, ga gwale-gwale. Son kaki kaɗai ba ya kai mutum ƙarshen wannan.

Tun da ka ambaci Janar, ka riƙe wannan ma. An kafa makarantar a 1964. Shekara biyu bayan haka, ranar 15 ga Janairu 1966, wasu ƙananan hafsoshi suka juya bindigar da aka ba su amana, suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, suka kashe manyansu na soja irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Abin da ya biyo baya yaƙin basasa ne na wata talatin. Su ma sun ce gyara suke so. Rantsuwar da za ka yi ranar da aka ba ka muƙami alkawari ne, Allah kuma zai tambaye ka a kansa.

Sai ramuwa. Wannan ita ce ta hana ni amsa maka tun ranar da saƙonka ya iso.

Ba zan ce maka kada ka ji zafi ba. Annabi (SAW) da kansa, da Wahshi wanda ya kashe Hamza ya zo ya musulunta, ya karɓi musuluncinsa, amma ya ce masa ko za ka iya ɓoye mini fuskarka. Zafin yana nan, hannu ne bai miƙa ba. Haƙƙin jinin mahaifinka yana nan a shari'a, sai dai hukuma ce take tsayar da shi bayan an tabbatar da wanda ya yi kisan, ayar da ta ba waliyyin jini iko a Suratul Isra'i kuma ita ce ta ce kada ya wuce iyaka. Bindigar gwamnati ba a ba ka ita don biyan bashin gidanku ba. Ka ma san soja ba ya zaɓar wurin aiki. Kana iya fita a tura ka bakin Tafkin Chadi, ko kogunan Neja Delta, ko wata ƙasar kwantar da tarzoma kamar yadda aka tura na gaba da kai Laberiya da Saliyo da Darfur, ka yi ritaya ba ka taɓa haɗa ido da wanda ya harbi mahaifinka ba.

To ina fushin zai tafi? Kan wanda ke gabanka zai sauka. Na taɓa gani da idona a wani shinge a kan hanya, an sauko da wani dattijo daga mota, furfura fal gemunsa, wai direbansu bai tsaya da wuri ba. Wani yaro mai kaki, wanda dattijon ya yi jika da shi, ya sa shi tsallen kwaɗo a cikin rana, hularsa ta faɗi a ƙasa ya kasa ɗauka. Mu duka muka sunkuyar da kai. Ban san abin da ke cin yaron ba, amma na tuna hadisin Muslim na mutanen wuta masu bulala kamar wutsiyar shanu suna dukan mutane da ita. Wannan kurtu ne, cutarsa ta tsaya ga wanda hannunsa ya kai. Hafsa kuwa umarni yake bayarwa. Laftanar mai ɗauke da gaba a zuciya, idan ya shiga daji da mutum talatin a bayansa, kowane mai sanda da shanu sai ya ga kamar shi ne ya kashe masa uba, kowace ruga sai ta zama sansani. A nan ne ake kashe wanda bai ji ba bai gani ba, a bar wani maraya ɗan shekara 17 yana rantsuwa irin taka. Allah ya ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Usama da na ambata ɗazu, masoyin Annabi ne ɗan masoyinsa, amma da ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi, Annabi ya yi ta maimaita masa tuhuma har ya yi fatan da a ranar ya musulunta. Wasiyyar Abubakar ga kwamandansa Yazidu ɗan Abu Sufyan tana cikin Muwaɗɗa: kada a kashe mace, ko yaro, ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe gidaje.

Don haka hukuncin da nake ba ka shi ne, shiga da niyyar ramuwa bai halatta ba. Ka juya ta. Ka ce ina so in tsaya don kada a sake yi wa wani gida abin da aka yi wa namu. Wanda ya kwana gadi da wannan niyya, muna yi masa fatan abin da ya zo a hadisin Tirmizi, cewa wuta ba ta taɓa idon da ya kwana yana tsaro a tafarkin Allah.

Biyayya ga na sama wajibi ce a aikin, amma tana da iyaka. Wani kwamanda a zamanin Annabi ya yi fushi ya hura wuta ya ce mutanensa su faɗa ciki, suka ƙi, Annabi ya ce da sun shiga da ba su fito ba, biyayya tana cikin abin da yake na kirki ne kawai. Sarawa gaisuwar aiki ce, ba bauta ba. Aske gemu saɓa wa sunna ne, ba zan kira shi da wani suna ba, sai dai bai kai ya haramta aikin da ake tsare jini da shi ba. Sallah kuwa babu uzuri. Akwai masallatai da limamai masu kaki a barikoki, kuma Allah bai ɗauke ta ba ko a bakin daga, yadda ake yin ta kawai ya sauƙaƙa.

Mutumin da ya ce a ba shi kuɗi, ka guje shi. Ko ɗan damfara ne ya cinye kuɗin marayu, ko da gaske yake ka ture wanda ya fi ka cancanta, Annabi kuma ya la'anci mai bayar da cin hanci da mai karɓa. Haka rage shekaru, haka sayen takardar asalin wata ƙaramar hukuma. Ka bi ta JAMB, ka yi jarrabawar tantancewa, ka je gwajin lafiya da na ƙarfin jiki da ƙafarka.

Na bar Inna a ƙarshe don ita ce ƙofar. A Najeriya ba a tilasta wa kowa shiga soja, saboda haka aikin bai zama farilla a kanka kai kaɗai ba, malamai kuma sun ce a irin wannan hali sai da izinin iyaye. Wani ya zo neman fita jihadi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce e, ya ce to a kansu za ka yi naka jihadin. Wani ya baro su suna kuka, ya ce masa koma ka sa su dariya kamar yadda ka sa su kuka. Ina zargin Inna ba kakin take tsoro ba kamar yadda take tsoron abin da take gani a idonka tun ranar da aka kawo gawar. Uwa ba a ɓoye mata wannan. Ka fara gyara abin da muka tattauna, sannan ka samu kawunka ko limamin garinku su yi mata magana a tsanake, ka yi istihara. Idan ta sa albarka, ka tafi. Idan ta tsaya a kan bakanta, kada ka sa ƙafa ka fita. Ka shiga jami'a ka yi karatunka, soja suna ɗaukar masu digiri ta hanyar gajeren kwas su zama hafsoshi, kafin lokacin ƙannenka sun tasa, ka sake komawa gabanta ka roƙa.

Allah ne mafi sani.