Amsa: Ƙanwata tana gidan yari da goyo, ta shiga ajin tarbiyyar yara?

'Yar uwa kin ce ƙanwarki tana gidan gyaran hali da jariri ɗan wata bakwai, an ce ta shiga ajin da ake koya wa iyaye mata reno da tarbiyya, kina tambaya ko ɓata lokaci ne tunda a tsare take. Wallahi ba ɓata lokaci ba ne, ki ce mata ta shiga. Dokar gidajen gyaran hali ta Najeriya ta 2019 ma ta tanadi a kula da mata masu ciki da masu goyo, to haƙƙinta ne ta nema ba alfarma ba.

Amma sharaɗi ɗaya, ku na waje sai kun taya ta. Ni ɗiyar yayata ta yi zaman can da goyo, abin da aka fi nanata musu a ajin shi ne maganar yaye da rabuwa, don yaron ba zai dawwama a ciki ba, wata rana dangi za a miƙa wa. Mamanta ce za ta karɓe shi, sai ta riƙa zuwa duk ranar ziyara tana ɗaukarsa tana ba shi kunu da hannunta har ya saba da ita, ranar da aka fito da shi uwar yaron ta ba da zanin goyonta aka tafi da shi saboda ƙamshinta, da shi yake barci. Tun yanzu ku tsayar da wadda za ta riƙe yaron, ta fara zuwa. Allah ya kawo mata mafita.