Yadda matasan ma'auratan Mormon ke lallaɓa rayuwa da ɗan abin hannunsu

Malama, kin tambayi yadda matasan Mormon, mabiya wani coci da ya samo asali a Amurka, ke aure tun suna jami'a, ba wani albashin kirki, amma tukunya ba ta sauka. Tsarin cocinsu na cikin abubuwan da ke taimaka musu.

A garin Provo na jihar Utah a Amurka, inda jami'ar cocin mai suna Brigham Young take, za ki tarar da miji da mata a ɗan ɗakin haya, kujerunsu na gwanjo daga shagunan Deseret Industries da cocin ya buɗe a 1938. Duk abin da suka samu, kashi goma cikin ɗari na coci ne. Lahadin farkon wata su yi azumi, su tsallake abinci sau biyu, su ba da kuɗinsa don mabuƙata. In su ne hali ya matsa wa, bishop, wato jagoran cocin unguwa, zai iya tura su rumbun coci su ɗebi abinci kyauta.

Ni abin da ya fi burge ni ajiyar abinci ce. Ana koya musu tanadin na wata uku, sannan alkama, shinkafa da wake da za su yi shekaru a rufe. Wanda ɗakinsa ya yi ƙanƙanta, ƙarƙashin gado yake jera gwangwanaye.

Ga kuma ƙa'idarsu ta 1833 da ta hana giya, taba, kofi da shayi. Shayin nan kam, da mu ne da an sha daru! Daren Litinin na iyali ne, a gida, addu'a da ɗan wasa. Bashi kuwa ana ja musu kunne a kansa, sai dai na karatu ko na madaidaicin gida.