Tambayi Makanike: Dax ɗin mahaifina, in sa masa sabon inji?

Assalamu alaikum Baba. Mun buɗe ɗakin ajiyar mahaifinmu a nan Tawa, muka tarar da ƙaramin moto mai gajerun ƙafafu, an rubuta Honda Dax a jikinsa. Ya fi shekara 20 bai tashi ba, kik ɗin ma ya ƙi motsi. Makaniken unguwarmu ya ce in jefar da injin, ya sa mini na China mai girman cc 110. Yaya zan gane ko na asali ne, kuma in yarda da shawararsa?
Mai karatu daga Tawa

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya saka wa mahaifinku da alheri da bai sayar wa masu tsohon ƙarfe ba. Kafin kowa ya ɗora sifana a kansa, ka ɗauko tsumma da kananzir ka nemo lambobi biyu. Ta farko tana wuyan sasi, inda hannuwan tuƙi ke juyawa. Ta biyu tana ƙasan inji ta hagu, kusa da abin sa giya. In tsohon na asali ne mai inji cc 70, ta sasi za ta fara da ST70, ta inji kuma ST70E. Ba lalle sauran lambobin su zama ɗaya ba, kada wannan ya dame ka. In takardar moton tana cikin akwatin tsoho, ka gwada da ita.

Honda ta fito da Dax a 1969. Sasinsa faifan ƙarfe ne da aka matse, tankin mai yana ɓoye cikinsa ƙarƙashin kujera, ƙafafu inci 10, hannuwan tuƙi suna naɗewa don a jefa shi bayan mota. Kamfanonin China irin su Jincheng da Skyteam sun kwaikwayi wannan siffa sosai, har daga nesa ba ka rabewa. Amma tsohon na Japan wutarsa bolt 6 ce, da kwantak yake tashi, babu maɓallin tayarwa, kuma karbireta ɗinsa akwai sunan Keihin a jiki. In ka ga batir mai bolt 12 da sitata, ko dai kwaikwayo ne, ko na baya-bayan nan, ko wani ya riga ka taɓa shi.

Batun injin China, ban yarda ba. Makanikenka bai yi ƙarya ba, zai zauna a mazaunin tsohon, kuma zai fi gudu. Sai dai birkin Dax da ƴan ƙafafunsa ba don wannan gudun aka yi su ba, kuma ranar da aka raba sasi da injinsa, darajarsa ta zube. Masu neman irinsa lambar inji suke fara dubawa, ba fenti ba.

Kik da ya ƙi motsi sau da yawa fistan ne ya kama da tsatsa. Cire fulogi, zuba ɗan gas ko man inji a ramin, ka bar shi kwanaki, kana gwadawa da hannu a hankali. Kada ka hau kik da ƙarfi, haƙoran ciki za ka karya. In silinda ta ci, ana gogewa a sa fistan mai ƙarin faɗin milimita 0.25 ko 0.50. Injin nan ɗan uwan na tsohon moton Honda C70 ne, faɗin fistan milimita 47, don haka in za ka nemo sabon fistan, ka tafi da tsohon a hannu ka gwada. A nan Yamai nakan tona tarin ƙarfen kasuwar Katako; kai da ke Tawa, ƴan kasuwar da ke bi ta Birnin Konni zuwa Sakkwato sun fi kusa da kai.

Tanki ka wanke shi tas, tiyon mai da tayoyi ka sa sababbi ba tare da wani tunani ba. Amma duk abin da aka cire, ko karbireta, ko salansa da ta huje, ko kujera da ta yage, a mayar maka cikin buhu, ka ƙirga a gaban yaran gareji. Fenti kuwa ka dakata. In na asali bai kwaɓe ba, sabulu da ɗan mai sun ishe shi.