Tambayoyinku da Amsoshinmu: Yadda Ake Fara Tuƙa Ƙaramin Jirgin Sama Mai Zare

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na makarantar sakandaren kimiyya, ina zaune a Ɗorayi. Na ga wani bidiyo a YouTube inda wani dattijo yake tsaye a tsakiyar fili yana juyawa, ƙaramin jirgin sama mai inji yana kewaya shi, kuma babu rimot a hannunsa sai wani ɗan mariƙi da zare. Yaya abin yake aiki, kuma ta ina mutum irina zai fara a nan Kano?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka gani tsohon wasa ne wanda ya girmi jirgi mai rimot a hannun jama'a. Da na so in kira shi jirgi mai linzami, domin yadda mahayi yake sarrafa doki haka matuƙinsa yake yi, amma masu karanta labarai a rediyo sun riga sun ba makami wannan suna, saboda haka bari mu tsaya a kan jirgi mai zare. A jihar Oregon ta Amurka aka fara shi, inda wani mutum mai suna Oba St. Clair ya tashi irinsa a shekarun 1930, sannan Jim Walker ya fito da samfurin Fireball kasuwa a 1940, abin ya bazu. Daga baya kamfanin Cox ya cika duniya da wani ɗan inji da ake kira .049, wanda girman cikinsa bai wuce sisi 0.8 ba (wato cc, ma'aunin girman cikin inji), kuma da shi yara masu ɗimbin yawa suka koyi tuƙi.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Zare biyu ne suke tashi daga mariƙin da ke hannunka, su shiga ta bakin fiffiken hagu, su kama wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da aka kafa a kan ƙusa yana juyawa. Daga jikin ƙarfen nan wata waya mai tauri take miƙewa zuwa jela, inda take ɗaga ko sauke wani marfi mai motsi. Idan ka ja zaren sama, marfin ya ɗaga, hancin jirgi ya yi sama. Idan ka ja na ƙasa, ya sunkuya. Iyakar ikonka ke nan, sama da ƙasa. Babu dama, babu hagu, kuma a yawancin jiragen babu totur, injin yana ta aiki har sai mai ya ƙare. Abin da yake riƙe zaren a miƙe shi ne abin da yake riƙe igiyar majajjawa idan ana wulwula ta, kuma duk hikimar ginin jirgin ta taru ne wajen ganin zaren bai saki ba, domin da zarar ya yi sako-sako, kai da ɗan kallo duk ɗaya kuke.

Shawarata ta farko, wadda na san ba za ta yi maka daɗi ba, ita ce jirginka na farko ya kasance mummuna, mai arha, mai jure duka. Kowane sabon matuƙi yana kifar da jirgi, ba sau ɗaya ba kuma ba sau biyar ba, kuma wanda ya kwashe wata biyu yana goge jirgi yana yi masa fenti, ranar da ya ga ya tarwatse cikin daƙiƙa huɗu yakan haƙura da wasan gaba ɗaya. A ƙasashen waje da katakon balsa ake gini, wani itace mara nauyi wanda yawancinsa daga Ekwado yake fitowa, kuma ba abu ne da za ka shiga Sabon Gari ka saya ba. Amma akwai farantin roba mai ramuka a ciki irin na kwali, wanda masu buga allunan talla suke amfani da shi, kuma masu wannan wasa a ƙasashe da dama sun daɗe suna yanka jirgin koyo da shi, saboda yana lanƙwasa ya dawo maimakon ya karye. Da shi, da ɗan falankin filawud mai kauri kaɗan wurin ɗaura inji, da sifokin keke a matsayin wayar jela, an gama jirgi. Yaron da ya taɓa ƙera motar kara ko ta langalanga ba zai ga wani abin tsoro a nan ba. Fiffike mai faɗin santimita 50 zuwa 60 ya isa ƙaramin inji, da zare mai tsawon kimanin mita 11. Kada ka yi amfani da zaren kamun kifi na roba mai talewa, domin jirgi zai riƙa amsa umarninka a makare. Nemi wanda aka kitsa, irin wanda ba ya miƙewa. Manyan jirage da siririyar wayar ƙarfe mai tsawon mita 18 ko fiye ake tuƙa su, amma wannan sai nan gaba.

Abubuwa uku ne a jikin jirgin ba a wasa da su. A al'ada jirgin yana kewayawa ne ta hagu, akasin tafiyar hannun agogo, don haka ana liƙa ɗan nauyi, kamar tsohon kwabo ko guntun darma, a ƙarshen fiffiken dama, ya daidaita nauyin zaren da ke jan na hagu. Ana kuma ɗan karkatar da jelar tsaye, wani lokaci har da injin, domin hancin ya riƙa neman fita daga da'irar. Na uku, wanda ya fi kashe jirage, shi ne daidaiton nauyi. Ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa daga gaba, ko ma ka ɗan matsa gaba kaɗan. Idan ya tsaya daidai ko hancin ya ɗan rusuna, madalla. Idan jela ce ta yi ƙasa, kada ka tashe shi sai ka ƙara nauyi a hanci, domin jirgi mai nauyin jela ba ya jin magana ko a hannun gwani.

Ranar tashin farko, ka tafi da mutum biyu aƙalla, ɗaya ya riƙe jirgi ya sake shi idan ka ba da alama, ɗaya kuma ya tsare yara. Ka shafa wa saman mariƙi jan fenti, kuma kafin a tayar da inji ka ja shi ka tabbatar sama sama ce. Ni da kaina na taɓa ɗaukar mariƙi a juye a wani filin ƙwallo da sanyin safiya, na ja da niyyar hawa, jirgin ya soka hanci cikin rairayi taku goma daga inda aka sake shi, farfela ta yi tsalle gefe guda, yaran da suka taru suka yi ta shewa. Tun daga ranar ban ƙara taɓa mariƙin da ba shi da alama ba. Ka zuba mai kaɗan, wanda ba zai wuce minti ɗaya ba. A saki jirgin a ɓangaren da iska take kaɗa shi nesa da kai, wato lokacin da iskar take bayan matuƙi, ba inda za ta turo shi cikin da'ira ba.

Sirrin tuƙin kuwa yana cikin kafaɗa. Sabon shiga yakan yi ta karya wuyan hannu sama da ƙasa, jirgin ya riƙa tsalle kamar ɗan akuya har ya ci ƙasa. Ka miƙe hannunka sambal, ka ƙame wuyan hannun kamar an ɗaure shi da tsinke, ka nuna jirgin da hannun gaba ɗaya. Idan kana son ya hau, ka ɗaga hannun kaɗan, zai hau ya tsaya daidai inda kake nunawa. Ka riƙe shi a tsayin da bai wuce na katangar gida sau biyu ba, kuma idan ka ji zaren ya saki, ka ja da baya da sauri maimakon ka fizgi mariƙi. Hajijiya za ta kama ka, babu makawa, domin jirgi yana zagaye ɗaya cikin kimanin daƙiƙa biyar, ƙanana ma sun fi haka sauri. Maganinta shi ne ka kafa ido a kan jirgin, ka bar bishiyoyi da gidaje su wuce a bayansa ba tare da ka kalle su ba, kuma bayan tashi biyar ko shida jiki yakan saba. Idan injin ya mutu, ka bar jirgin ya sulalo da kansa, sai dab da ƙasa ka ɗan ɗaga hannu.

Idan aka samu wanda ya iya, ya tsaya a bayanka ya ɗora hannunsa a kan naka a zagayen farko, wannan ya fi duk abin da na rubuta. Wasan yana da nisa ga mai so: hukumar wasannin sararin sama ta duniya, FAI, tana shirya gasarsa a rukunin tsere, da na alkafura, da tseren ƙungiya, da na faɗa inda jirage biyu suke ƙoƙarin yanke wa juna ƙyallen takarda da aka ɗaura a jela, kuma jiragen tseren suna kusantar kilomita 300 a sa'a da inji mai sisi 2.5 kacal. Kano, garin da ake cewa nan jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a watan Nuwamba na 1925, bai kamata a ce ya rasa masu wannan sha'awa ba.

TAMBAYA: Ni bakanike ne a Ƙofar Ruwa. Wani abokina ya kawo mini ɗan injin irin wannan jirgi daga waje, na zuba masa fetur da baƙin mai ya ƙi tashi. Ko ya lalace ne?

AMSA: Maigida, da wuya a ce ya lalace, abincinsa ne ba ka ba shi ba. Fulogin irin wannan inji ba ya tartsatsi kamar na babur. Wata 'yar waya ce mai sinadarin filatinam a ciki, ana ɗumama ta da batir mai bolt ɗaya da rabi, idan injin ya tashi a cire batirin, ita kuma ta ci gaba da yin ja saboda haɗuwarta da sinadarin metanol. Man nasa metanol ne da man zurma kimanin kashi ɗaya cikin biyar ko fiye, da ɗan naitirometen, wanda ƙananan injuna suka fi buƙata. Metanol guba ne, yana makantarwa kuma yana kisa idan aka sha, wutarsa kuma ba a cika ganinta da rana ba. Tun da aiko da irin wannan mai daga waje yana da wuya, ni a ganina wanda zai fara a Kano ya fi masa sauƙi ya bi hanyar lantarki: ƙaramar na'ura mai juya farfela da lantarki irin ta jirgi mara matuƙi, da na'urar sarrafa gudunta, da batirin litiyam, da ɗan agogon da zai kashe ta bayan lokacin da aka saita. Ba ta damuwa da ƙurar hunturu kamar yadda inji yake yi, ba ta kuma tayar wa maƙwabta hankali da ƙara. Sai dai kada a bar batirin cikin mota a rufe a zafin watan Afrilu, kada kuma a bar shi yana caji babu kowa a kusa.

TAMBAYA: Ni uwa ce a Tarauni. Ɗana mai shekara 13 ya matsa mini a kan wannan jirgi. Ina tsoron kada ya ji ciwo ko ya jawo mana magana.

AMSA: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma babban abin tsoron ba jirgin ba ne, wayar wutar lantarki ce. An rasa rayuka a wannan wasa saboda zaren ƙarfe ya taɓa ko ya kusanci babbar waya, kuma ko zaren da ba na ƙarfe ba yana iya ɗaukar wuta idan ya jiƙe. Kada ya yarda da cewa ai an ɗauke wuta, domin ba ta sallama idan za ta dawo. Filin da waya ta ratsa ta kansa ko ta gefensa ba fili ba ne, komai kyansa. Haka nan da damina, da zarar hadari ya haɗu a gabas ko an ji cida, a naɗe zare a koma gida.

Bayan wannan sai farfela, wadda take yanka yatsa har ƙashi, don haka babba ne zai riƙa tayar masa da inji, da ɗan sanda mai roba a baki ba da yatsa ba. A ɗaura igiya daga mariƙi zuwa wuyan hannunsa domin kada jirgi ya ƙwace ya tafi da zare cikin mutane, kuma kafin kowane tashi wani ya riƙe jirgin shi kuma ya ja zaren da ƙarfi a gwada ƙullin. Zare mai mita 11 yana buƙatar fili mai faɗin mita 30 aƙalla wanda babu kowa a ciki sai matuƙi, kuma filin ƙwallon makaranta ranar da babu karatu ya wadatar idan shugaban makarantar ya amince. Game da magana kuwa, su nisanci filin jirgin Malam Aminu Kano da barikokin jami'an tsaro, domin wanda ya hango abu yana shawagi daga nesa ba zai ga zare ba. Ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya kai jirgin wurin mai unguwa ya gani da idonsa, ya taɓa zaren, kafin ranar da za a fara.